Takalmin Ƙarfe da Lanƙwasar Ƙafar Yaro: Wa Yake Wa Amfani, Yaya Ake Daidaita Shi?

Da wuya ka zaga unguwa ɗaya, a birni ko a ƙauye, ba ka ga yaro mai ƙafar baka ko mai gwame ba. Da zarar yaro ya fara tafiya aka lura gwiwoyinsa sun ware, ko kuwa suna gogar juna sawaye sun yi nesa, sai shawara ta riƙa zuwa wa uwa ta kowace ƙofa. Kaka ta ce a ƙyale shi, ubansa ma haka ya yi yana ƙarami, ga shi nan ya miƙe sambal. Maƙwabciya ta ce goyo ne ya yi yawa. Wani ya ce a kai wa maɗori. Wani kuma ya ce a hanzarta sayo takalmin ƙarfe, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dukkansu don ƙaunar yaron suke magana, amma sun tsallake tambayar da ya kamata a fara da ita: me ya lanƙwasa ƙafar? Lanƙwasa alama ce kawai, a bayanta akwai dalilai iri-iri. Wani dalilin ba ya bukatar komai sai haƙuri da sa ido, wani abinci da magani yake nema, wani kuma sai an yi aiki a asibiti. Takalmin ƙarfe yana da gurbi a cikin wannan jeri, sai dai gurbin ƙarami ne, lokacinsa kuma gajere. Idan an dace da gurbin, to kyawun awonsa da bibiyar daidaita shi wata bayan wata su ne maganin. Idan aka kuskure, yaro ya sha wuyar banza, iyaye su yi asarar kuɗi, babbar asarar kuwa ita ce watannin da suka wuce ba a yi abin da ya dace ba.

Lanƙwasar da ba ciwo ba ce

Kusan kowane jariri da 'yar ƙafar baka ake haihuwarsa, saboda yadda ya naɗe a cikin mahaifa. Wannan bakan yana raguwa sannu a hankali, har ƙafa ta miƙe tsakanin wata 18 da wata 24. Daga nan kuma ba ta tsayawa, sai ta zarce ɗaya ɓangaren: yaro ya shiga gwame, wanda ya fi fitowa fili tsakanin shekara uku da huɗu. Bayan haka gwamen ya riƙa ja baya, zuwa shekara bakwai ƙafa ta zauna a kan siffar manya, wadda ita ma tana da ɗan karkata ciki na kamar digiri 5 zuwa 7. Likitoci biyu 'yan ƙasar Finlan, Salenius da Vankka, su suka auna hotunan ƙashin ɗaruruwan yara suka fitar da wannan tsari a 1975, kuma har yau da shi likitocin ƙashi suke gwada yara.

Ke nan ɗan wata 15 mai ƙafar baka iri ɗaya dama da hagu, mai kuzari, mai girma daidai da tsararsa, bisa hanya yake. Haka ma 'yar shekara uku da rabi mai gwame. Irin waɗannan yara su ne mafi yawa, kuma ba takalmin ƙarfe, ba takalmi mai tudu a gefe, ba tausa, ba ɗauri da zane da zai sa ƙafarsu ta miƙe kafin lokacinta. A nan ne ruɗani yake shigowa. An sa wa yaro takalmi yana ɗan shekara ɗaya da rabi, ya kai shekara biyu ƙafa ta miƙe, sai a yaba wa takalmi, alhali ko ba shi ma za ta miƙe. Da irin wannan shaida ake tallata kayan da ba su da wani aiki. Goyo ma an ɗora masa laifin da ba nasa ba. Babu hujjar likita da ta nuna goyo yana lanƙwasa ƙashin ƙafa, hasali ma yadda cinyoyin jariri ke buɗewa a bayan uwarsa yana taimaka wa mahaɗar ƙugunsa ta zauna daidai.

Amma "zai miƙe da kansa" ba kowane yaro ya shafa ba. Akwai alamun da in an gan su, jira ya zama ganganci: ƙafa ɗaya ce kawai ta lanƙwashe, ko ɗaya ta fi ɗaya sosai, bakan yana ƙaruwa bayan shekara biyu, gwame yana ƙaruwa bayan shekara bakwai, yaro yana ɗingishi ko kukan ciwo, gwiwa tana wullowa waje duk lokacin da ya taka, ko ya gaza tsararsa tsawo ƙwarai. Akwai kuma awo mai sauƙi da za a iya yi a gida. A tsayar da yaro ƙoƙon gwiwarsa na kallon gaba. Mai ƙafar baka a haɗa idon sawunsa, a auna tazarar da ke tsakanin gwiwoyi. In ta haura santimita 6, a tafi asibiti. Mai gwame a haɗa gwiwoyi, a auna tsakanin idon sawu. In ta haura santimita 8, shi ma haka. A rubuta awon da ranar, a ɗauki hoto da waya a tsaye wuri ɗaya, a maimaita bayan wata uku. Hoto biyu masu tazarar watanni sun fi gaya wa likita gaskiya a kan dogon bayani.

Ƙashin da bai sami abin gina kansa ba

A ƙasashenmu, babban abin da ke jawo lanƙwasa mai tsanani shi ne laushin ƙashi na yara. Ƙashi mai girma yana bukatar sinadarin kalshiyam da bitamin D don ya yi ƙwari. In bai samu ba, sai ya kasa ɗaukar nauyin jiki, ya lanƙwashe ta ɓangaren da ya tarar da shi: in ciwon ya kama yaro a shekarun baka, bakan ya tsananta, in a shekarun gwame ne, gwamen ya tsananta. Wani lokaci ma ƙafa ɗaya ta yi baka, ɗayar ta yi gwame. Sauran alamomin sun haɗa da kaurin wuyan hannu, ƙulle-ƙulle a jere a kan haƙarƙari, jinkirin rufewar maɗiga, jinkirin tafiya da yawan kukan ƙafa.

An daɗe ana ɗaukar wannan ciwo a matsayin na ƙasashen sanyi inda rana ba ta wadata ba, tunda fatar mutum da hasken rana take haɗa bitamin D. To me ya kawo shi ƙasar da rana ke dukan kowa? Amsar daga Jos ta fito. Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi gwaji a kan yara 123 masu wannan ciwo, suka wallafa sakamakon a 1999. Sun tarar kalshiyam ɗin da yaran ke samu a abinci bai wuce kamar miligiram 200 a rana ba. Suka raba su kashi uku na tsawon mako 24. Cikin waɗanda aka ba kalshiyam kaɗai, kashi 61 cikin ɗari sun kai matakin warkewar da aka gindaya; waɗanda aka haɗa musu kalshiyam da bitamin D, kashi 58; waɗanda aka ba bitamin D kaɗai kuwa, kashi 19 tak. Matsayar da masana na duniya suka fitar a 2016 ta ce yaron da ya haura shekara ɗaya, in yana samun ƙasa da miligiram 300 a rana yana cikin haɗari, abin da ke wadatarwa kuwa sama da miligiram 500 ne.

Duk wanda ya san abincin yaye a gidajenmu ba zai yi mamaki ba. Yaro ya bar nonon uwa ya koma koko da tuwon masara ko dawa, madara ta yi tsada, ga kuma wani sinadari a cikin hatsi da ke riƙe ɗan kalshiyam ɗin da ake da shi ya hana hanji tsotsewa. Alhali maganin yana kusa: nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake daka su da ƙayarsu, kuka, zogale da riɗi. Masu binciken Jos daga baya sun gwada garin busasshen kifi, suka ga yana warkar da ciwon. Rana ma tana da nata muhimmanci, musamman ga jarirai da iyayensu mata da ba su cika samun hasken rana a jikinsu ba.

Abin lura a nan shi ne, idan aka magance laushin ƙashi tun yaro yana ƙarami, ƙafar takan ci gaba da miƙewa da kanta cikin shekara ɗaya zuwa biyu, har lanƙwasar da iyaye suka fid da rai da ita. Ɗaura wa irin wannan yaro ƙarfe ba tare da an gyara abin da ke cikin jininsa ba, matsa wa ƙashi mai laushi ne kawai. Wasu likitoci sukan ba da takalmi don tallafa wa gwiwar da ta saki sosai, amma a matsayin mataimaki, bayan an fara magani.

Akwai wasu dalilan da su ma ƙarfe ba ya taɓa su. Akwai laushin ƙashi na gado, inda ƙoda ke zubar da sinadarin fosfet a fitsari. Akwai wanda ciwon ƙoda ke kawowa. Karaya ko ƙwayar cuta da ta shiga ƙashi, abin da masu sikila suka fi fama da shi, tana iya lalata wurin da ƙashi ke tsiro. Ruwan sha ma yana iya zama sanadi. A garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fulorayid ya lalata haƙora da ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a gane inda matsalar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada wannan sinadari ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha. Idan yara da yawa a gari ɗaya suka lanƙwashe, abinci da ruwa za a fara bincika.

Inda takalmin yake da gurbi

Ciwon da aka fi rubuta wa takalmin gyaran baka shi ne cutar Blount, mai ɗauke da sunan Walter Blount, likitan ƙashi na birnin Milwaukee a Amurka, wanda ya yi cikakken bayaninta a 1937. Don a gane ta, sai an san yadda ƙashin yaro ke tsawo. Kusa da kowane ƙarshen dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi, shi ne matsirar ƙashi. Tun a ƙarni na 19 likitocin Jamus biyu, Hueter da Volkmann, suka lura cewa matsi mai yawa a kan wannan faifai yana rage masa girma, sauƙaƙa matsin kuma yana sake shi. A cutar Blount, ɓangaren ciki na matsirar da ke saman ƙashin ƙwauri shi ne yake danne. Gefen waje yana girma, gefen ciki ya tsaya, ƙafa ta ƙara yin baka, bakan ya ƙara tara nauyi a gefen ciki, abu ya yi ta zagayawa. Ta fi kama yara masu ƙiba, da waɗanda suka yi saurin tafiya, kuma an fi ganinta a tsakanin baƙar fata.

A nan ne karin maganar icce ɗanye yake ɓatar da mutane. A 1741 wani likita a Faransa, Nicolas Andry, ya zana karkataccen icce ɗaure da turke a littafinsa na gyaran jikin yara, zanen da ya zama tambarin likitocin ƙashi har yau. Amma takalmi ba ya tanƙwara ƙashi da ƙarfi. Aikinsa shi ne ɗage nauyi daga gefen da aka danne, don matsirar ta farfaɗo, girman yaron da kansa ya yi gyaran. Shi ya sa ba a ganin sakamako a mako ɗaya, shi ya sa kuma ƙara ɗaure maɗauri ba ya ƙara sauri.

Ba a gane cutar Blount da ido. Hoton ƙashi ake ɗauka yaro yana tsaye, a auna wata kusurwa a saman ƙashin ƙwauri. In ta gaza digiri 11, galibi bakan girma ne. In ta haura 16, zato ya ƙarfafa cewa Blount ce. Abin da ke tsakani kuwa sai a sa ido. Wani likitan Finlan, Langenskiöld, ya kasa cutar mataki shida a 1952. Takalmi a mataki na ɗaya da na biyu kawai ake sa ran zai yi aiki, ga yaron da bai kai shekara uku ba, ya fi kuma yin nasara idan ƙafa ɗaya ce kuma yaron ba shi da ƙiba sosai.

Ko a cikin wannan ƙaramin gurbin, kan likitoci bai haɗu ba. Rahotannin da suka fito daga asibitocin Amurka a ƙarshen shekarun 1990 sun nuna mafi yawan yaran da aka sa wa takalmi da wuri sun miƙe ba tare da aiki ba. Sai kuma likitocin Japan suka wallafa a 2002 cewa sun bi yaran da ba a yi musu komai ba, da yawansu suka miƙe da kansu. Masu goyon bayan takalmi suna cewa gwada shi ya fi zura ido, tunda yana iya kuɓutar da yaro daga wuƙa. Masu shakka suna cewa ana ba shi yabon da na girman yaro ne. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi ya fi muhimmanci ga iyaye: takalmi gwaji ne mai wa'adi. In an shekara ba a ga ci gaba a hoto ba, ko yaro ya doshi shekara huɗu ƙafa ba ta miƙe ba, lokacin aiki ya yi, domin aikin da aka yi kafin shekara huɗu ya fi wanda aka yi bayanta ɗorewa.

Gwame kuwa, hujjar cewa takalmi yana miƙar da shi ta fi ta baka rauni. Yawancinsa na girma ne ko na laushin ƙashi, wanda ya ƙi tafiya kuma ƙaramin aiki ya fi dacewa da shi.

Daga awo zuwa sawa

Takalmin da ake magana a kai yana tashi daga saman cinya ya sauka har tafin ƙafa. Sirrinsa wurin turawa uku ne. Ga mai ƙafar baka, ana tallafe cinya ta ciki daga sama, a tallafe idon sawu ta ciki daga ƙasa, sannan a sa matashi ko faffaɗan maɗauri a gefen waje na gwiwa da saman ƙwauri yana jawo su ciki. Ga mai gwame ana juya tsarin: tallafi biyu a waje, ja ɗaya daga ciki zuwa waje. In ɗaya daga cikin ukun ya goce daga wurinsa, sauran biyun sun zama kaya kawai.

Saboda haka ba a sayen irin wannan takalmi a kanti, ba a aro, ba a gadon na wa ko na maƙwabci. Ƙwararren mai haɗa takalmin yakan fara da yi wa wuraren da ƙashi ya turo alama a kan fata, sannan ya naɗe ƙafar da bandejin filasta yana riƙe da ita a miƙe gwargwadon yadda yaro zai jure. In ya bushe a tsaga a cire, a zuba filasta a ciki a sami siffar ƙafar. A kan wannan zubi ake yin aikin basira: a ƙara kauri inda ƙashi ya turo don roba ta bar masa sarari, a kankare inda tsoka ce don nan ya ɗauki matsi. Sai a gasa fallen roba mai ƙarfi a tanda har ya yi laushi, a lulluɓa a kan zubin, a zuƙe iska ya manne, a yanke, a goge baki, a ɗaura sandunan alminiyam da mahaɗar gwiwa.

Ranar gwaji ita ce ranar da iyaye ya kamata su buɗe ido su yi tambaya. Diddige ya zauna har ƙasa, ba ya ɗagawa in yaro ya taka. Bakin sama ya tsaya kamar yatsa biyu ƙasa da matsematsi, kada ya soke shi in ya zauna. Mahaɗar ƙarfe ta yi daidai da inda gwiwar yaron take lanƙwasawa. In ta yi sama ko ƙasa, takalmin zai riƙa zamewa yana gurzar fata. Akwai wani ɗan tudun ƙashi a gefen waje, ƙasa kaɗan da gwiwa, wanda jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa take zagayawa ta wuyansa. Matashin da ya zauna a kan wannan wuri yana iya kashe jijiyar, ƙafa ta riƙa ja a ƙasa, don haka dole a kauce masa. In ƙafa ɗaya ce aka sa wa, a duba ko tsawon ya bambanta, a ƙara wa takalmin ɗaya ƙafar tudu don ƙugu ya daidaita. Mahaɗar gwiwa tana da sakata: a kulle in yaro zai tsaya ko zai yi tafiya, saboda turawar ba ta aiki sai gwiwa tana miƙe, a buɗe in zai zauna.

Game da awannin sawa, wasu likitoci suna cewa kusan yini da kwana, wasu da rana kawai, wasu da dare. Tunda nauyin jiki ne ke danne matsirar, lokacin tsayuwa da tafiya shi ne mafi muhimmanci. Ko wanne aka zaɓa, ba a farawa gaba ɗaya. A fara da awa ɗaya ko biyu, a cire a duba fata, a riƙa ƙarawa kullum har a kai adadin cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Daidaitawa ita ce rabin magani

Yaro tsakanin shekara biyu da uku yana ƙara tsawon kamar santimita 8 a shekara. Takalmin da ya zauna daram a watan azumi, kafin babbar salla ya fara gajarta: mahaɗa ta sauka ƙasa da gwiwa, yatsu sun leƙo, matashi ya bar wurinsa. Don haka ake komawa wurin mai haɗawa duk wata biyu zuwa uku. Zai ƙara tsawon sanduna ta ramukan da aka tanada, ya ɗan lanƙwasa sandar don ta bi gyaran da aka samu ta kuma nemi ƙari, ya sauya maɗaurin da ya saki, ya buɗa robar da zafi inda ta matse. Likita kuma zai sake hoto duk bayan watanni ya gwada kusurwar da ta baya. Takalmin da aka karɓa aka tafi da shi ba a sake dawowa ba, bayan 'yan watanni ya daina gyara komai, yana ma iya cutarwa.

Akwai haɗari a wuce gona da iri. In aka ja gwiwa da ƙarfi fiye da kima, jijiyoyin da suka riƙe mahaɗar ne za su saki. A ido sai a ga kamar ƙafa ta miƙe, alhali ƙashin yana nan yadda yake, an kuma ƙara masa sakakkiyar gwiwa. Wannan ne ya sa uba ba zai ɗauki sifana ya ƙara da kansa ba, ba kuma za a kai wa mai walda ko a kara robar a wuta ba. Abin da ya karye a mayar wa wanda ya haɗa.

Aikin gida a hannun uwa yake, kuma ba ƙarami ba ne. Doguwar safar auduga a ƙarƙashi, busasshiya, ba tare da ninki ba, a tanadi biyu ko uku don canji. A fara zaunar da diddige, a ɗaure maɗaurin idon sawu, sannan a hau sama. A yi wa maɗauri alama da biro inda ƙwararren ya tsaya, don duk wanda zai sa wa yaron ya tsaya a nan. Duk lokacin da aka cire a duba fata, a kuma shafa da hannu, domin a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi duhu, ko zafi, ko sheƙi. Shaidar da ba ta ɓace ba bayan minti 20 zuwa 30, ko bororo, ko kumburin yatsu, ko yaro ya kasa ɗaga tafin ƙafarsa, duk dalilai ne na cire takalmin a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba su ba. A lokacin bazara gumi da ƙurajen zafi su ne abokan gaba: a yawaita wanke ƙafa da busar da ita, a goge cikin robar da sabulu, kada a bar takalmin a rana. Da hunturu kuma ƙura takan cushe mahaɗa, fata ta bushe ta tsage; a shafa mai da dare bayan an cire, ba dab da sawa ba.

Sai kuma zuciyar yaron. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya tarar manyan da suka sa takalman gyara suna yara sun fi tuna tsokana da jin kunya, kuma ganin ƙimar kansu ya fi na sauran rauni. Wannan dalili ne babba na kada a ɗaura wa yaro ƙarfe don kawai hankalin manya ya kwanta. Wanda kuwa ya zama dole ya sa, a bar shi ya yi wasa da 'yan'uwansa, a ja kunnen masu yi masa suna, kada a ɓoye shi a ɗaki.

Idan wa'adi ya cika

Tsoron aiki ne ke sa iyaye da yawa su manne wa takalmi shekara da shekaru. Ya kamata su san cewa aikin ya sauƙaƙa. Ga yaron da matsirarsa ke buɗe, akan ɗaura ɗan ƙaramin faranti mai noti biyu a gefen da ya fi girma don a rage masa gudu, ɗaya gefen ya kamo shi, in ƙafa ta miƙe a cire. Blount da kansa ya fara irin wannan da ƙusoshi masu baki biyu a 1949, likita Peter Stevens na jihar Utah kuma ya inganta shi da farantin a shekarun 2000. Yanka kaɗan ne, yaro yakan taka cikin kwanaki. Amma sai da sauran girma yake aiki. In an makara, sai a yanke ƙashi a daidaita shi a ɗaure, ko a sa ƙarfen zobe na waje irin wanda Ilizarov ya ƙirƙiro a Rasha, a riƙa juya shi kaɗan-kaɗan. Jinkiri yana mayar da ƙaramin aiki babba.

Matsirar ƙashi tana rufewa wajen shekara 14 zuwa 16 ga 'yan mata, 16 zuwa 18 ga samari. Bayan nan babu bel ko maɗaurin da zai miƙar da ƙashi, komai daɗin bakin masu talla a Facebook da TikTok. Dattijon da gwiwarsa ta yi baka saboda guringuntsin ciki ya cinye yana iya samun sauƙin ciwo da takalmin gwiwa mai ɗage nauyi daga gefen da ya lalace, amma sauƙin ciwo ne, siffar ƙafar tana nan.

Duk wannan ba rage darajar takalmin ƙarfe ba ne. Dubban waɗanda shan inna ya raunana wa ƙafa da shi suke tsayawa su nemi abincinsu, kuma ko da aka tabbatar a 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji, waɗanda ta riga ta taɓa za su bukaci gyara da sauyin takalmi har ƙarshen rayuwarsu. Jariran da aka haifa da naɗaɗɗen tafin ƙafa, bayan an miƙar da shi da filasta bisa tsarin Ponseti, takalmi mai sanda ne ke hana shi komawa. A waɗannan wurare amfaninsa ba abin musu ba ne. Matsalar ita ce ƙarancin masu haɗa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum goma masu bukatar irin waɗannan kayan tallafi, ɗaya ne kawai yake samu. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, da asibitin yara na CURE da ke Yamai tun 2010, da sassan ƙashi na asibitocin koyarwa, suna karɓar mutane daga nisan ɗaruruwan kilomita. Uwar da za ta biya kuɗin mota daga ƙauye duk wata biyu don a ƙara tsawon sanda, in ta gaza ba sakaci ba ne. Takalmin da babu mai daidaita shi a kusa, tun ranar da aka ba da shi an san ba zai kai ga gaci ba.

Gyaran yana farawa daga ƙasa. Ma'aikatan ƙananan asibitoci da ke auna nauyin yara ranar rigakafi za su iya riƙe tef ɗin awo su duba gwiwa da wuyan hannu, su san wanda za su kwantar wa da hankali da wanda za su tura gaba. Wayar da kai kan abincin yaye mai kalshiyam zai rage layin da ke gaban likitan ƙashi fiye da kowace tanda ta gasa roba. Jihohi kuma su horar da masu haɗa takalmi, su ajiye su a manyan asibitocin shiyya, ko da ranar gyara ɗaya ce a wata. Iyaye kuwa, duk wanda ya ce a sa wa ɗansu takalmin ƙarfe, likita ne ko ɗan kasuwa, suna da haƙƙin su yi masa tambaya uku: wane ciwo ne hoto da gwajin jini suka nuna, wa zai riƙa daidaita takalmin kuma yaushe, sannan wace rana za a zauna a yanke hukunci ko ya yi aiki ko a sauya hanya. Wanda ya kasa amsa waɗannan ukun, bai kamata a miƙa masa ƙafar yaro ba.